Godiya ta musamman: jitar madaci ta kammala

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdulillah, jitar lantarkin nan da na dame ku da hotunanta tun tana guntun katako ta kammala, ranar Asabar muka jona ta da amfilifaya a wajen dinar bikin ƙanwata kuma wallahi ta yi sauti, har wani makaɗi ya karɓa yana jujjuya ta yana neman sunan kamfani a jiki. Na ce masa ai a nan Kano aka sassaƙa ta.

Godiyata ta farko ga Baba kafinta, maigidana a wannan aiki. Wuyan farko da muka yi, wani ne ya sayar min da katako yana ta rantsuwa ya bushe, ashe ɗanye ne, hunturu na shigowa wuyan ya lanƙwashe ya tsage ta baya, ranar ko abinci ban iya ci ba, na ce na haƙura kawai. Baba ne ya ce tashi mu je Na'ibawa 'Yan Katako. Na ga ikon Allah a wajen dattijon nan, sai ya ɗaga falanki da yatsu biyu ya ƙwanƙwasa da bayan hannu ya kara kunne, wanda ya yi ƙara dum ya mayar, wanda ya yi tsiririn amo ya ware mana gefe. Ƙarshe ma duk bai gamsu ba, tsohon ƙyauren madaci da ya daɗe yana ɓoyo a shagonsa ya ciro ya ba ni, ko sisi ya ƙi karɓa. Baba, Allah Ya saka da Aljanna, Ya ƙara lafiya.

Kuma abin da nake so 'yan uwa su sani, madacin nan da muke rainawa shi Turawa ke kira mahogani na Afirka, dangin itacen ne kamfanonin waje ke yin jikin jita da shi su sayar mana da tsada. Allon saman wuya kuwa madobiya muka sa, da ƙyar muka samu ɗan guntu saboda an yi ta kwasarta zuwa Chaina har sai da aka saka ta cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu a 2017. Abin yana min ciwo gaskiya, arzikinmu a gabanmu amma wasu ne suka san darajarsa.

Ƙanena ɗan makaranta, na gode da lissafi. Tsawon tsirkiya milimita 648 muka ɗauka irin na jitar kamfanin Fender, shi ya zauna yana raba tsawon da 17.817, abin da ya rage a sake rabawa, a haka ya fitar da gurbin kowane ƙarfe na kan wuya, na 12 ya faɗo daidai tsakiya a 324. In aka kauce ko da rabin milimita sauti ya ɓaci, shi ya sa Baba ya hana kowa taɓa zarton, da kansa ya tsaga su duka, gilashi a hanci.

Mai walda na Ƙofar Ruwa da ya yi mana sandar ƙarfen da ake binnewa cikin wuya, sannu da ƙoƙari, tsirkiya shida jan da suke yi ya haura kilo 40, ba don ita ba katako kaɗai ba zai jure ba.

Sai abokina mai gyaran fanka a Sabon Gari, kai kam ban san da bakin da zan gode maka ba. Abin da ke ɗauko sautin tsirkiya mayen ƙarfe ne da ake naɗe shi da wayar tagulla siririya kamar gashin kai, zagaye wajen 8,000, in ta tsinke a tsakiya sai a warware a koma farko, kuma ta sha tsinkewa, ga wuta ana ɗaukewa, amma bai taɓa ɓata rai ba. Shi ya tsoma shi a narkakken kakin zuma don kada ya riƙa ihu in an ƙure sifika, shi ya yi duk sodar wayoyin ciki. Tsirkiya da maɗauran kai dai daga Legas aka aiko min, amma maratayin fata wani baduku ne ya ɗinka a nan cikin gari.

Hajiyata da tun farko ba ta son harkar kiɗa amma ba ta fasa sa min albarka ba, uwargida da ta sha ƙurar katako a tsakar gida, maƙwabta da suka jure ƙarar gwaji bayan isha'i, ku yafe min, na gode, na gode.

Masu tambayar kuɗinta ta waya, ku yi haƙuri ba ta sayarwa ba ce, kuma ba zan karɓi aikin kowa ba sai na ga yadda wuyan zai yi da damshin damina. Amma duk mai tsohon gado ko ƙyauren madaci da ba ya amfani da shi don Allah kada a faskara a sa a murhu, a yi min magana zan zo in saya. Allah Ya bar zumunci.