Yadda dala 45 ta haihu a teburin 'yan Maroko a New York

Kwana huɗu ke nan da dawowata daga Amurka, har yanzu barcina bai koma daidai ba. Ƙarfe ukun dare idona biyu, shi ya sa na ce bari in rubuta abin da ke bakina tun bai huce ba. Masu tambayata labarin dogayen benaye su yi haƙuri, suna nan yadda ake nuna su a talabijin. Ni sana'ata girki ce, shekara goma sha ɗaya ina dafa abincin biki da suna a Kano, don haka duk inda na sauka tukunyar mutane nake fara leƙawa.

Daga Legas muka tashi, muka yada zango a Kasabalanka, sannan muka ƙara wajen awa takwas a sama. Duk wannan lafiya lau. A wajen binciken kaya ne aka fara ɓata mini rai. Na yi wa Yaya tsarabar kilishin Agadasawa ba tare da na gaya masa ba, wai in ba shi mamaki. Da jami'in ya tambaye ni ko akwai abinci a jakata, na ce akwai, don ban ga abin ɓoyewa ba. Ya sa safar hannu, ya ɗaga ƙunshin da yatsa biyu kamar wanda ya tsinci mushen ɓera, ya jefa a kwandon shara ina kallo. Ashe doka ce, ba a shiga musu da nama. Dokarsu ce, ban ja ba, amma ko kallona bai yi ba balle ya ce sannu. Da ya buɗe robar yaji ya kai hanci, atishawa ta rama mini. Sau uku ya yi, ya rufe ya miƙo mini kayata.

Yaya a unguwar Bronx ta New York yake, ya fi shekara ashirin yana tuƙin tasi. Matarsa 'yar Zangon Kumasi ce, kuma a unguwar idan ka fita ranar Juma'a za ka ji Hausa iri-iri, ta Gana, ta Nijar, ta gida. Ƙarshen Janairu ne, sanyin da nake kira sanyi a Kano ashe wasa ne. Kwana biyar ban leƙa ko ƙofa ba.

Takwarata ce ta fitar da ni, babbar 'yar Yaya da aka sa wa sunana, tana jami'a. Ta shigo da waya a hannu tana murna.

"Gwaggo, kin zo a sa'a. Ana makon gidajen abinci."

Suna kiransa Restaurant Week. Ta ce sau biyu ake yi a shekara, a tsakiyar hunturu da kuma wajen Yuli zuwa Agusta, lokacin da ciniki ke ja baya. Ɗaruruwan gidajen abinci a faɗin birnin sukan yarda su sayar da abinci a kan kuɗi ƙayyadadde, dala 30, ko 45, ko 60, ya danganta da gidan da kuma ko na rana ne ko na dare. Asalinsa a 1992 ne, da jam'iyyar Dimokurat ta yi babban taronta a New York, wanda ta tsayar da Bill Clinton. Aka shirya wa baƙi abincin rana a kan dala 19.92, wato lambar shekarar. Sunan dai mako, amma yanzu ya kan kai wajen mako uku zuwa huɗu, kuma ban da Asabar, don ranar ko ba rangwame gidajen cika suke yi. Nan na gane masu abin ba wawaye ba ne. Ni ma da azumi, in biki ya ɗauke, nakan sassauta farashi.

Na ce ta nema mana na Musulmi. Ta lalubo wani gidan abincin Maroko a Manhattan, na dare, kala uku a dala 45. Na buga lissafi a zuci: a lokacin dala tana wajen naira 1,500, ke nan naira 67,500 kan mutum ɗaya. Da wannan kuɗin zan ciyar da 'yan walima guda. Yaya ya ce, "Ke dai ki daina juya dala zuwa naira, in ba haka ba ko ruwa ba za ki sha ba a garin nan." Matarsa tana aikin dare, sai muka tafi mu uku a jirgin ƙarƙashin ƙasa.

Wurin ya ƙawatu, wannan ba gardama. Fitilun tagulla masu huji-huji suna zuba haske a bango, tayil shuɗi da fari, kujeru da tumtum na jar fata. Na shafa tumtum ɗin na yi dariya. Fatar akuyar Sakkwato da aka jeme a Kano ita ayari ke ƙetara Sahara da ita, Turawa su saya a hannun 'yan Maroko su sa mata sunan fatar Maroko. Na ce wa takwara, ƙila a kan kayan kakanninki muke zaune. Sai dai duhun wurin ya yi yawa, da fitilar waya na karanta takardar abinci. Kuma a teburin da ke gefenmu kwalbar giya ce a tsaye. Na sa aka tambaya ko naman halal ne, yaron da ke kula da mu ya shiga ciki ya dawo ya ce halal ne, kuma ba a sa giya a girki. Shi kansa ba ɗan Maroko ba ne, sallamar da na yi masa murmushi kawai ya mayar.

Takardar rangwamen daban take da ta kullum, 'yar guntuwa, zaɓi uku-uku. Na fara da harira, miyar da 'yan Maroko ke buɗa baki da ita da azumi tare da dabino. Tumatir ne da adas da wani wake mai kama da gurjiya, da ganye da ɗan kauri-kauri, an ajiye yankin lemon tsami a gefe. Ta yi daɗi, ta kuma kore mini sanyi, amma kwanon bai fi na shan kokon yara ba. Takwara ta ɗauki za'aluk, yalo ne aka gasa aka dame da tumatir da tafarnuwa da man zaitun, ana dangwala da burodi. Wannan kam zan ɗauka, don yalo ba ya mana wuya.

Yaya ne ya ɗauko mana abin mamaki, bastila. Kamar samosa ce babba mai faɗi, ɓawonta siriri yana ƙaras-ƙaras, cikinta kaza da ƙwai da almon, a sama an barbaɗa garin sukari da kirfa. Sukari a kan kaza! A birnin Fas na Maroko da 'yan shila ake yin ta ta asali. Loma ta farko bakina ya rikice, ya rasa ko abinci yake ci ko kayan zaƙi. Ta biyu na yi shiru. Ta uku Yaya ya janye farantinsa.

Sai tajin. Sunan tukunyar ne ya bi abincin: kasko ne na yumɓu mai faɗi, murfinsa kamar jinkar ɗaki. Tururi ya hau ya taru a tsinin murfin ya koma ruwa ya gangaro kan naman, shi ya sa da ɗan ruwa kaɗan ake dafa shi a kan wuta marar ƙarfi har ya yi laushi. Dabarar mutanen da suka san darajar ruwa ce. Yaron ya ɗaga murfin a gabana, tururi ya bugi fuskata da ƙamshin citta da kirfa. Naman rago ne da wasu baƙaƙen busassun 'ya'yan itace masu kama da ɗinya amma sun fi zaƙi, an watsa riɗi da soyayyen almon. Da cokali na raba naman, ko wuƙa ban taɓa ba. Na takwara kaza ce da zaitun da lemon tsamin da aka jiƙa a gishiri har ɓawonsa ya yi laushi, kuma shi ya fi burge ni. Amma idon mai girki ba ya rufuwa: na juya gefen kaskona na ga gindinsa fes, ko alamar wuta babu. A babbar tukunya aka dafa, aka zuba mana a tajin don ado. Ban zarge su ba, ni ma ba a akushi nake dafa tuwon biki ba. Abin da ya rage shi ne yaji. Abincinsu ƙamshi ne da zaƙi, ba zafi. Da na sani na zo da robar nan tawa.

Ba mu gama tauna ba an kwashe faranti. Lokacin rangwame teburi ake juyawa, wasu na tsaye a bakin ƙofa suna jira. Aka kawo yankakken lemon zaƙi da kirfa a kai, wai shi ne kala na uku. Lemo dai, irin na 'Yan Lemo. Yaron ya tambaya ko za mu sha shayi, na ce sosai. Ya ɗaga buta sama har kusan kafaɗarsa ya tsiyayo cikin 'yan ƙananan kofunan gilashi, kumfa ta taso, ga na'a-na'a ɗanya a ciki. Koren shayin Sin ne, irin wanda Buzaye masu gadi ke dafawa a bakin layinmu, su ba ka kofi uku a jere ba ko sisi.

Da takardar kuɗi ta zo na ce a ba ni in gani. Mu uku dala 135, wannan na sani. Sai ga dala 8 ƙari a kan ragona, ashe an rubuta da ƙananan baƙi a ƙasa, duhu ya hana ni gani. Shayi dala 12. Ruwan kwalba dala 9, wanda da mun ce na famfo kyauta ne. Ya kama 164. Harajin birnin kashi 8.875 cikin ɗari, ya zama 178.56. Sannan tukuicin ma'aikata, wanda a can ba ganin dama ba ne, kusan dole ne, don da shi suke rayuwa. Yaya ya ƙara kashi 20, dala 32.80. Jimilla 211.36. Na juya duk da an hana ni: naira dubu ɗari uku da goma sha bakwai. Na ce, "Yaya, ba ka taya ba?" Takwara ta kusa shiga ƙarƙashin tebur don kunya. A Kantin Kwari a kan faɗi kuɗi da yawa ka yi ciniki ya sauko. A can kuwa ƙaramin kuɗin ake nuna maka, sai ka ci ka ƙoshi ya fara hawa.

Labarin ya kai kunnen wani abokin aikin Yaya, direban tasi ɗan Maroko da ke zaune a Astoria, unguwar da Larabawa suka yi yawa a Queens. Wai ya kama kai ya ce an ci mutuncin ƙasarsa, lallai a kawo masa baƙuwar ranar Juma'a bayan masallaci, don Juma'a ce ranar kuskus a Maroko.

Mahaifiyarsa ce ta yi girkin, tsohuwa mai lalle a tafin hannu. Ba ta jin Turanci, ni kuma Larabcina na Islamiyya ne, nata na Maroko, amma da na shiga kicin na ga tukunyar sai na ce, ai madambaci ne! Romo da nama a ƙasa, tsakin alkama a sama yana shan tururi. Ta sauke, ta juye a faffaɗan kwano, ta yayyafa ruwa da mai, ta murje da hannu duk da zafinsa, ta mayar. Sau uku ta yi haka. Dambu ne sak, sai dai ba zogale. Na naɗe hannun riga na karɓi murzar, ta tsaya tana kallon yatsuna, sai ta dafa kafaɗata ta kira ɗanta ta ce ya tambaye ni wa ya koya mini. Na ce kakata. Ta ce ita ma. Ɗan ya ƙara da cewa a 2020 UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa kuskus cikin kayan gadon duniya da sunan Maroko da Aljeriya da Tunisiya da Muritaniya. Na ce da an tambaye mu da an ƙara dambu da burabusko.

A faranti ɗaya muka ci, mata a namu maza a nasu. An tula kuskus kamar dutse, an jera kabewa da karas da kabeji a jikinsa, nama a tsakiya, a sama albasa da zabibi da aka dafa har suka yi zaƙi. Tsohuwar takan dunƙule shi a tafin hannu ta jefa baki, tana turo mini tsoka gabana. Abin sha kuwa nono ne tsala, suna ce masa laban. Da ta ji daga Najeriya nake sai fuskarta ta washe, ashe 'yar Fas ce, ta saba ganin mutanenmu da 'yan Senegal suna zuwa ziyarar zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani. Shayi kuwa har na daina ƙirgawa. Ƙarfe biyu muka zauna, sai da aka kira magariba muka tashi, ta kuma cusa mini ƙullin kayan ƙamshinsu, ras al-hanut, da kwalbar lemon gishiri. Na ciro turaren wuta ɗan Maiduguri da ke jakata na ba ta.

Sauran kwanakin ba wani abu. Mun hau jirgin ruwan Staten Island, kyauta ne, na hango gunkin 'yanci daga nesa iska na neman cire mini mayafi. Mun je titi na 116 a Harlem inda 'yan Senegal suke. Takwara ta so mu koma wani gidan kafin rangwamen ya ƙare, na ce ta bar ubanta ya huta.

A hanyar dawowa, a Kasabalanka, na sayi ƙaramin tajin na naɗe shi da zani. Kaskon ya iso lafiya, murfin ya tsage biyu. Jiya na turara dambu sau uku na zuba ƙullin tsohuwar a romo, autana ya ci ya ce, "Umma, yau dambun turare kika sa masa?"