Kawuntar masana'anta: inda ake yawan samun matsala wajen setin

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban fanel ɗin injin cika kwalabe ko na yanka leda ya san ƴar akwatin nan mai lambobi masu haske, galibi girmanta milimita 48 da 48 ne, rami ake yanka mata na 45 da 45 a ƙofar fanel a zura ta. Ita ce kawunta, na'urar da ke ƙirga kayan da ke wucewa a injin. Kamfanin Omron ya yi irinta H7CX, Autonics na da jerin CT, akwai wasu kamfanoni birjik amma aikin kusan ɗaya ne.

Abin da nake so mutane su gane shi ne, kawunta ba ta san kwalba ba, ba ta san kwali ba. Siginal kawai take jira, wuta ta zo ta ɗauke, ta ce ɗaya. Shi ya sa in ka ji ana cewa kawunta ta lalace tana ƙirga ba daidai ba, to ka fara duba abin da ke shigo mata tukuna kafin a je a sayo sabuwa, sau da yawa lafiyarta ƙalau.

Mai kawo mata siginal sensa ne, wato ƴar na'urar da ke gane wucewar kaya. In kayan ƙarfe ne ana sa sensa mai jin kusantowar ƙarfe, in kwali ne ko roba sai mai aiki da haske. Wayoyinsa uku ne yawanci, ruwan ƙasa na fositif, shuɗi na negatif, baƙi shi ne na siginal, kuma kawuntoci da yawa suna da wutar 12V da suke ba sensa da kansu, ba sai ka nemo wata ba. To a nan ne maganar NPN da PNP, wato nau'in sensa guda biyu, ke shigowa. Sensa NPN idan ya ga kaya yana jan baƙar wayar zuwa negatif ne, PNP kuwa fositif yake turowa. Ka haɗa PNP da kawuntar da aka saita a NPN, fitilar sensan za ta dinga kamawa tana mutuwa ras, amma lambar tana nan a sifili ko motsi ba ta yi. Wasu kawuntocin ana canja su tsakanin NPN da PNP a menu, wasu da ɗan makunni a jiki, wasu kuma yadda ka saye su haka suke, sai dai ka canja sensan.

Sai gudun ƙirga, nan ne na fi so a tsaya. A setin za ka ga zaɓi kamar 30Hz, 1kHz, 5kHz, har 10kHz a wasu, wato sau nawa za ta iya ƙirgawa a sakan, 30Hz sau 30, 1kHz sau 1,000. Mutane sai su ɗauka mafi girma shi ne mafi kyau, su ɗora a can sama. A'a. Idan makunni na hannu ko limit (makunnin da kaya ke turawa) ko rile (makunnin da wuta ke kunnawa) ne ke kawo siginal, ƙarafan ciki ba sa haɗewa lokaci guda, sai sun ɗan yi tsalle-tsalle na ƴan milisakan kafin su zauna, ido ba zai gani ba amma kawuntar da ke kan 5kHz tana ganin kowane tsalle, kwali ɗaya ya wuce ta rubuta 3 ko 4. Ka sauko da ita 30Hz shikenan ta nutsu. Lissafa ma ka gani, layin da ke fitar da kwalba 600 a minti ai 10 ne kacal a sakan, 30Hz ta ishe shi. Amma fa a kula, a 30Hz siginal na bukatar ya daɗe kamar milisakan 17 kafin a ƙirga shi, don haka in ƙaramin abu ne kamar kusa yana wucewa fiu, za ta dinga tsallake wasu, nan dole ka ɗaga.

Yanayin ƙirga ba wuya, akwai hawa daga sifili, akwai sauka daga adadin da ka sa, akwai kuma mai hawa da sauka da ake haɗawa da inkoda, wato na'urar da ke ba da siginal yayin da take juyawa. Inkoda na ba da siginal biyu A da B, ɗaya na riga ɗaya da digiri 90, da haka kawunta ke gane gaba ake juyawa ko baya. In ka ga tana sauka maimakon hawa, musanya wayoyin biyu kawai.

Da inkoda ɗin ma ake auna tsayi. A ce taya ce mai kewayen milimita 500, inkoda na ba da bugu 100 a juyi ɗaya, kenan kowane bugu milimita 5 ne, sai ka sa 0.005 a firisikel, wato setin da ke ninka kowane bugu da lambar da ka sa, ka daidaita ɗigon lambar, allon ya koma nuna maka mita kai tsaye. Masu yanka waya da yadi da leda haka suke yi.

Sannan me za ta yi idan ta kai adadin? A Omron da Autonics da haruffa ake zaɓa a setin. N tana kunna rile ta tsaya cak sai an danna riset, maɓallin mayar da ita farko. F tana kunnawa amma ta ci gaba da ƙirga. C kuwa tana kunnawa na ɗan lokacin da ka saita, ta koma sifili da kanta nan take, wannan ita ce ta masu zuba 24 a kowane katan ba tsayawa. Lokacin kunnawar nan kada a matse shi da yawa, in silinda ce mai iska za ta ture katan sai ka ga ba ta gama fita ba an yanke mata wuta.

Rilen ciki ƙarami ne, wajen 3A a yawancinsu, kar wani ya ɗora masa motar lantarki ta inji kai tsaye, a bi ta kwantakta, wato babban rile mai ɗaukar wuta da yawa. Wayar sensa kuma a raba mata hanya da manyan wayoyin infata, wato na'urar da ke daidaita gudun motar inji, in ba haka ba lamba za ta dinga hawa alhali bel ɗin ko kaya babu a kai. In an gama komai a kulle maɓallan ta menu, domin riset na nan a fili a gaba, gwiwar hannun ofareta kaɗai ta isa ta share ƙirgar shif guda.