Abin da ya sa na nemi kujerar Majalisar Wakilai

Tun ranar da aka manna fastata a bakin layinmu, tambaya ɗaya ake yi mini: Barista, me ya yi zafi? Hajiyarmu ma da labari ya iske ta, tankaɗenta ta ci gaba da yi, sai can ta ce, "Ɗan nan, duk wahalar karatun nan a siyasa za ta ƙare?" Ban iya ce mata komai ba a lokacin.

Ni ɗan tela ne. Keken ɗinkin Baba ne ya kai ni Jami'ar Bayero, ɗinkin Sallar mutane kuma ya biya kuɗin Makarantar Horar da Lauyoyi ta Bagauda. Da na fito ban samu gurbi a manyan ofisoshin da ke yi wa bankuna aiki ba, sai na faɗa shari'ar talakawa, irin wadda ladanta "Allah ya saka da alheri".

A nan na gamu da wani yaro ɗan ga-ruwa. Waya ce ta ɓata a shagon da yake kai ruwa, aka kama shi, aka rubuta masa fashi da makami. Kotun majistare ba ta da hurumin sauraron wannan laifi, iyakarta ta tura mutum gidan yari a jira shawarar ma'aikatar shari'a. Da na same shi ya haura shekara biyu yana wannan jira, ƙafafunsa duk ƙazuwa. Uwarsa ta sayar da akuyarta tun a makon farko don "beli", a ofishin da aka rubuta a bango cewa beli kyauta ne. Wata takwas na yi ina zirga-zirga kafin aka sake shi, kuma ranar da muka fito wasu yara shida suka leƙo ta taga suna kiran "Barista, mu ma!"

Abin takaicin, dokokin suna nan a rubuce. Sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya ko biyu. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta ɗora wa majistare ya riƙa leƙa ofisoshin 'yan sanda duk wata. A 2019 aka sauya wa gidajen yari suna zuwa gidajen gyaran hali, amma har yau kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke ciki jiran shari'a suke yi. Kuɗin da za a ba Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta ɗauki lauyoyi, da ikon kiran shugaban hukuma a titsiye shi ya yi bayani, duk suna hannun 'yan majalisa 360 da sanatoci 109. Ni kuwa da ƙafata da tsohon babur ɗina, mutum ɗaya nake fitarwa a wata takwas.

Shekaruna 31. Da a ce kafin Mayun 2018 ne, da ƙyar na tsallake ƙa'ida, don a lokacin ne Shugaba Buhari ya sa hannu aka rage shekarun takarar Majalisar Wakilai daga 30 zuwa 25. Sai dai an buɗe ƙofa an bar kare a zaure. A 2022 fom ɗin wannan kujera naira miliyan 10 ne a APC, miliyan 2.5 a PDP, ba a ma zo maganar daliget ba. Wani dattijon jam'iyya ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Yaro, wa ke tsaya maka?" Na ce abokan karatuna ne ke karo-karo. Dariya ya yi har da goge ido.

Yaron nan ɗan ga-ruwa shi ya fi kowa manna fasta yanzu, ko sisi bai taɓa karɓa ba. Shekaranjiya nake tambayarsa mazaɓarsa, ashe ko katin zaɓe ba shi da shi. Ranar Litinin zan ɗauke shi a babur mu je ofishin hukumar zaɓe mu ji yadda za a yi.