Kaskon da Nanay ta saya mana a Dagupan

Tun ranar da 'yata ta tafi ƙasar Filifin karatun aikin jinya, tambaya ɗaya nake nanata mata a waya: me kika ci yau? Karatun bai taɓa damuna ba, na san yarinyar da na haifa. Abincin ne ya tsaya mini a rai, domin duk wanda ya san ƙasar sai ya ce mini can naman alade shi ne naman gida, har a cikin wake da miyar ganye sai ka tsinci yankinsa. Da ta shiga shekara ta uku na ce gani ya kori ji. Na ɗaure yaji da kuka da busasshiyar kuɓewa a jaka, na kama hanya a watan Fabrairu, hunturu bai gama sakin Kano ba.

Daga Kano muka sauka Doha, daga can kuma muka yi wajen awa 9 a sama kafin Manila. Agogonsu yana gaban namu da awa 7. Ina fitowa daga filin jirgin Ninoy Aquino wani zafi mai danshi ya rufe ni, irin na Legas. Tana tsaye tana jirana, ta ɗan rame, amma fuskarta fes.

Washegari ta ce, "Umma, kafin mu wuce sai kin ga inda nake sayen nama." Muka hau jifni, doguwar motar haya mai ado kala-kala wadda asalinta motocin sojan Amurka ne da aka bari bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Kuɗin mota hannu da hannu ake miƙa shi har ya isa wurin direba, canji ma haka yake dawowa. Muka sauka a unguwar Kiyapo. A gefe guda ga babbar cocin Katolika da jama'a ke tururuwa, ka ɗan taka kaɗan ka tsallaka titi sai ga ƙubba mai ruwan zinariya: Masallacin Zinariya, wanda aka gina a 1976 saboda ziyarar da aka sa ran Gaddafi zai kawo, ziyarar da ba ta yiwu ba. Na yi sallar azahar a can, hawaye na zubo mini. A nan na fara jin cewa Musulunci ya riga Kiristanci shiga waɗannan tsibirai, tun wajen 1380 ya isa yankin Sulu a kudu, kuma lokacin da Sifaniyawa suka zo Manila a 1570 sarkin da suka tarar Musulmi ne, Raja Sulaiman. Musulmi sun ɗan haura kashi 6 cikin 100, yawancinsu a kudu, a ƙasar da ƙidayar 2020 ta ce tana da mutum miliyan 109.

A lungunan bayan masallacin, inda 'yan ƙabilar Maranao ke kasuwanci, muka ci pastil, shinkafa da dagargajajjen naman kaza a naɗe cikin ganyen ayaba. Muka sayi awazar saniya kilo biyu wurin wani mahauci mai farar hula, ya sassara mana, muka jera a kula da ƙanƙara.

Daga tashar Kubao motar ta ɗauke mu zuwa arewa, tafiyar kusan awa biyar. Gonakin shinkafa hagu da dama, ɓaunar ruwa tana kiwo, dutsen Arayat tsaye shi kaɗai a tsakiyar fili. Lardin da muka nufa Pangasinan ne, sunan da ya samo asali daga gishirin da suke haɗawa a bakin teku. Dagupan kuwa garin kifi ne. Ko ta ina ka duba tafkunan kiwon bangus ne, wani farin kifi mai yawan ƙaya da suke alfahari da shi. 'Yata ta ce shi ne ya riƙe ta shekara uku, da ƙwai da shinkafa.

Ɗaki take haya a saman bene, a gidan wata dattijuwa da kowa ke kira Nanay, wato inna. Da muka shiga, jikokinta suka zo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya kama hannuna ya ɗora a goshinsa. Gaisuwar manya ke nan a wurinsu, kuma ba sa yi wa babba magana sai sun saka kalmar po ta ladabi. Nan da nan na ji hankalina ya fara kwanciya da gidan.

Ranar Lahadi bayan sun dawo coci, ƙamshin tafarnuwa ya hau bene ya same ni. Na sauko, na tsaya daga bakin ƙofar kicin ɗinta na waje, domin suna da biyu: na cikin gida mai tsabta tas, da na baya inda ake suya da duk abin da ke hayaƙi. Ta ɗago ta ce, "Kain tayo," wato zo mu ci, kalmar da suke faɗa wa duk wanda ya tarar da su a kan abinci. Sai ta dafe ƙirji ta ce in yafe mata, baboy ne, alade, ta san ba ma ci. Na ce babu komai, ni dai in ta yarda zan tsaya daga nan in ga hannunta. Mace ce ni da ta yi shekara talatin a bakin murhu, in na ga mai iya girki ba na iya wucewa.

Haƙarƙarin an sassara shi guntu-guntu, kowanne kamar tsawon yatsa. Tun daren jiya ta jiƙa shi a toyo, baƙin ruwan waken soya mai gishiri, da tafarnuwa dakakkiya mai yawan gaske, da masoro, da ruwan kalamansi. Wannan kalamansi shi ne ya fi ɗaukar hankalina a duk girkinsu. Ɗan lemo ne da bai fi goruba ƙarama ba, kai, bai kai ba ma, bawonsa kore, cikinsa ruwan goro, tsaminsa na lemon tsami amma ƙamshinsa ya karkata wajen lemon zaƙi. Bishiyarsa tana bayan kicin ɗin, miƙa hannu kawai take yi. Ta tsame naman, ta bar shi ya tsane sarai, ta barbaɗa masa garin sitacin masara sama-sama, ta karkaɗe. Sai da mai ya yi zafi ta gwada da ɗan gari, ya taso yana kumfa, sannan ta rinƙa sakawa shida-shida. Ta ce in ka cika kasko mai zai huce, naman ya sha mai ya yi laƙwas. Wutar matsakaiciya, domin toyo saurin ƙonewa gare shi, sai waje ya yi baƙi ciki bai nuna ba. A gefe jikarta tana haɗa abin dangwalawa da suke kira sawsawan: khal na rake, albasa, tafarnuwa, da wani ɗan mitsitsin barkono mai zafin tsiya irin tsiduhu namu.

Na ce mata ina da awazar saniya a firij. Fuskarta ta washe. Ta ce ai suna da irinsa na saniya, tadyang ng baka, sai dai shi sai an yi haƙuri da shi. Ta ce in bari sai gobe.

Washegari da hantsi na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Nanay ce, ta dawo daga kasuwa, riƙe da sabon kasko mai zurfi, kawali a bakinsu, takardar farashi tana manne a jikinsa. Ga sabon matsami, ga sabon katakon yanka, ga galan ɗin man kwakwa da ba a fasa ba. Ta ce duk kaskon da ke gidanta ya taɓa alade, kuma ba za ta so in ci ina kokwanto ba. Ban ce ta yi ba, 'yata ma ba ta ce ba. Na yi na yi ta karɓi kuɗin, ta ƙi. A nan ne 'yata ta gaya mini cewa tun zuwanta matar nan ta ware mata soso da wurin kife kwanuka, kuma in azumi ya zo takan ajiye mata ayaba da mangwaro a bakin ƙofa kafin magariba. Shekara uku ina can ina saƙe-saƙe, ashe ga wadda Allah ya haɗa ta da ita.

A ɗan kicin ɗin 'yata muka yi aikin, a tukunyarta. Muka zuba awazar, ruwa ya sha kanta, toyo kamar rabin kofi, tafarnuwa kai biyu, albasa, masoro da ba a daka ba, ganyen lorel uku, wato bay leaf. Wuta ƙasa-ƙasa, sama da awa biyu, har cokali mai yatsu ya shige ba gardama amma naman bai saki ƙashi ba. Nanay ta ce wannan gaɓar ita ce duka girkin: in ya wuce nan zai watse a mai, in bai kai ba zai yi tauri kamar fata. Muka tsame, muka jera a faranti ya huce, ta sa muka saka a firij a buɗe, ba murfi, har dare ya raba ya kai safiya, don iskar firij ta busar da bayansa. Romon kuwa ta hana a zubar, da shi muka yi miyar kabeji.

Da aka zo suya ni na riƙe matsami, Nanay tana gefena tana kallo. Da yake naman ya riga ya nuna, wuta mai ƙarfi ake so, minti uku zuwa huɗu. Kitsen da ke gefen ƙashi ya ƙanƙance ya yi ja, bakin naman ya yi ƙarau, ina juyawa ina jin ƙararsa a jikin matsami. Ta shimfiɗa ganyen ayaba a tebur, ta juye shinkafar da aka soya da tafarnuwa, muka zauna mu uku da jikokinta biyu, kowa da hannu. Na yi bisimilla, ita ta yi addu'arta. Na ɓalli yanki na dangwala a khal. Waje ƙamas, ciki laushi kamar an dafa da kanwa, tsamin yana yanke maiƙon. Mu da muka saba da yaji a kan soyayyen nama, na ɗauko nawa na barbaɗa mata a kan yanki ɗaya. Ta ɗanɗana, ta tambayi me ke ciki, na ce ƙuli-ƙuli da citta da barkono da kanumfari. Ta sa 'yata ta rubuta mata, na raba yajin biyu na bar mata rabi.

Sati uku na yi. Kaskon yana can a rataye a kicin ɗin 'yata, Nanay ta ɗaura masa jan zare a mariƙi don kada jikoki su haɗa shi da nata.

Da na dawo Kano na sa mahaucinmu ya sassara mini awaza yadda na gani. Kalamansi babu, sai na matse lemon tsami uku da rabin lemon zaƙi ɗaya a cikin khal, ya zo kusa ƙwarai. Wuta ta ɗauke cikin dare, firij bai busar da naman ba, don haka na shanya shi a rariya gaban iska har azahar kafin in saka a mai. Na ɗauki hotonsa na tura wa 'yata, ta sauka ƙasa ta nuna wa Nanay.