Ɗorin Haƙurau: daga ranar karaya zuwa mako na goma

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyon kiwon damo irina. Tun ranar da damona ya karye nake rubuta abin da ke faruwa a wani ɗan littafi, yau na ga ya kamata in fito da shi, don wanda bai kai inda na kai ba ya tsaya tun da sauran gyara.

Ranar karaya

Haƙurau, sunan da yara suka laƙaba masa ke nan, ya shekara ɗaya da 'yan watanni a hannuna a nan Daura. Wani yaro ne ya tono shi a gona ta hanyar Zango, lokacin bai fi tafin hannu ba, na saye shi don kada a kashe. Ƙarshen kaka, ana cikin sussuka, na fito da shi tsakar gida ya hau kan buhun gero, sai ya zamo ya faɗo. Tsawon wurin bai wuce gwiwata ba. Da ya tashi tafiya sai na ga yana jan ƙafar baya ta hagu, kafin la'asar cinyar ta kumbura.

Na kai shi wurin wani dattijo maƙwabcinmu mai ɗori. Ya daɗe yana lallatsa cinyar da babban yatsa, sannan ya ce, "Ɗan nan, karaya ce, amma ƙashin nan ba ƙashin lafiya ba ne. Yana lanƙwasuwa kamar ɗanyen kara. Ni ban taɓa ɗora wa damo ba, ka nemi likitan dabbobi." Na gode wa Baba da bai ɓoye min iyakar saninsa ba.

Washegari na sa shi a kwali, na shimfiɗa tsohon zani, muka kama hanyar Katsina, tafiyar kusan kilomita 80. Likitan bai fara da ƙafar ba. Muƙamuƙin ya kama ya ɗan matsa, na ga ya lotsa kamar roba. Ya tambaye ni, "Malam, ina yake yini?" Na ce a ɗaki, cikin akwatin gilashi, dab da taga. "Me yake ci?" Na ce fara da kyankyaso, wani lokaci tsokar nama. Ya ce to ba buhun gero ne ya karya shi ba.

Ga bayanin yadda na fahimce shi, kuma shi ne dalilin wannan rubutu gaba ɗaya. Ƙashi wani sinadari mai suna kalsiyam yake buƙata. Ƙwari da tsokar nama wani sinadarin mai suna fosforas ya fi yawa a cikinsu, kalsiyam kaɗan ne, alhali abin da ake so a abincin irin waɗannan dabbobi shi ne kalsiyam ya kai wajen ninki biyu na fosforas. Sannan ko ɗan kalsiyam ɗin da ya shiga ciki, hanji ba ya ɗaukarsa sai da bitamin D3, shi kuwa fata ce ke haɗa shi idan wani sashe na hasken rana da masana ke kira UVB ya sauka a kanta. Wannan sashe ba ya ratsa gilashin taga. Hasken ya shigo, ɗumi ya shigo, abin da ake nema ya tsaya a waje. Da jini ya rasa kalsiyam sai jiki ya riƙa kwasowa daga ƙashi, a hankali, har ƙashi ya zama fanko. Hoton ƙashin da aka ɗauka ya nuna haka ƙarara: ƙasusuwan sun fito dishi-dishi, da ƙyar ake raba su da nama.

Abin ya tsaya min a rai. Daga Gana da Togo da Benin ake fitar da irin damon nan zuwa Turai da Amurka, masu kiwonsa a can sai sun sayi fitila ta musamman mai tsada kafin su samar masa abin da ke zuba kyauta a tsakar gidan kowa a Daura. Ni kuwa na hana shi, da niyyar kare shi daga kyanwa da shaho.

Mako na farko da na biyu

Ɗorin damo ba irin na mutum ba ne. Likita ya miƙar da ƙafar baya ya kwantar da ita a jikin gindin wutsiya, ya sa auduga a tsakani, ya naɗe su tare da bandeji da filasta, wutsiyar ta zama ita ce karan ɗori. Ya bar yatsun a waje, ya kuma bar mafitar kashi a buɗe. Ya ce da ƙafar gaba ce, da jikin haƙarƙari za a ɗaure ta, a nan kuma sai an yi hattara sosai, don da motsin haƙarƙari suke numfashi, in aka matse sai a shaƙe dabba. Ya yi masa allurar rage zafi, ya ba ni kalsiyam na ruwa da adadin da zan riƙa ɗiga masa bisa nauyinsa. Ya ja min kunne kada in kuskura in ba shi maganin ciwon jiki na mutane.

Na ajiye akwatin gilashin. Na samo akwatin katako marar tsawo, na cire ƙasa da dutse da icen da yake hawa, na shimfiɗa tsofaffin jaridu. Damo mahaƙi ne, in ya ga ƙasa sai ya tona, tonon kuwa da dukan jiki yake yi. Kaskon ruwansa ma na canza da murfin kwano marar zurfi. Ku da ke kiwo kun san halinsa, cikin ruwa yake son kwanciya, a ciki yake kashi. Bandeji in ya jiƙe fata ruɓewa take a ƙarƙashinsa.

Babbar matsalar makon farko wutsiya ce. Damo in ya tsorata kumbura yake, ya yi huci, ya kai bulala da wutsiya, ga shi kuma a jikinta aka ɗaure karayar. Duk bulala ɗaya motsa ƙashi ce. Sai na hana yara leƙe, na rufe rabin akwatin da buhu, na daina sa hannu ta samansa, don ta sama shaho ke zuwa masa. Ta gefe nake zuwa, a hankali, sau ɗaya da safe. In duba yatsu biyar ɗin: sun kumbura? Launinsu ya sauya? Yana motsa su in na taɓa da tsinken tsintsiya? In shinshina bandejin ko akwai wari. Shi ke nan in bar shi.

Kwana goma sha ɗaya bai ci komai ba.

Mako na uku zuwa na biyar

A nan na fi shan wuya, kuma a nan na fi koyo. Hunturu ya shigo. A daji damo da damina yake cin abincinsa, ƙadandoniya da gyare da buzuzu da dodon koɗi har da kunama, ya tara kitse, da rani ya shige rami ya yi watanni kusan ba ci. Wato lokacin da nake so ya ci don ƙashi ya haɗe, lokacin ne jikinsa ke ce masa ya kwanta. Ga shi jikinsa ba ya haɗa ɗumi da kansa kamar namu. In wuri ya yi sanyi, narkar da abinci da warkewar rauni duk tafiyar hawainiya suke. Daren hunturu a nan kuwa ma'auni yakan sauka ƙasa da digiri 15.

Abin da ya yi min aiki: da hantsi, in rana ta yi ƙarfi, in fito da akwatin tsakar gida, saman a rufe da ragar waya, rabi a rana rabi a inuwa. Ina zaune kusa har in mayar da shi. Kada wanda ya ajiye dabba a rana cikin roba ko gilashi ba inuwa, zafi na taruwa a ciki ya kashe ta cikin ɗan lokaci. In ya buɗe baki yana haki, zafin ya ishe shi ke nan. Da dare ina kunna ƙwan fitila mai ɗumi daga sama a gefe guda, inda ba zai iya taɓawa ba. In an ɗauke wuta sai in cika jarka da ruwan ɗumi, in naɗe da tsumma, in jingina ta da akwatin ta waje. Ta waje na ce, don irinsu sukan kwanta kan abu mai zafi har su ƙone ba su matsa ba. Uwargida ta kawo shawarar kaskon garwashi, na ƙi, hayaƙinsa a rufaffen ɗaki ko mutum yana kashewa. Ƙoƙarina dai kada cikin akwatin ya sauka ƙasa da digiri 24 da dare, kuma na sayi ɗan ma'aunin zafi don in daina kintace.

Kwana uku da fara shan hantsi, ya zaro harshen nan mai baki biyu ya lashi iska, ya cafke gyare guda daga bakin hantsaki. Na kira mutan gida kowa ya gani daga nesa.

Abincin ma na sake masa tsari. Ƙwarin da na kamo ina tsare su kwana guda ko biyu in ciyar da su ganyen zogale, don abin da ke cikinsu shi ne zai shiga cikinsa. Ɓawon ƙwai, wanda ke cike da kalsiyam, ina tafasa shi, in shanya, in daka a turmi, in tankaɗe da rariyar laushi. In zuba garin a leda tare da ƙwarin in girgiza su fito fari fat. Soyayyar farar kasuwa mai gishiri da yaji ba abincinsa ba ce, haka ƙwarin gonar da aka yi wa feshi, ko kyankyason ɗakin da aka sa wa magani. Kuma duk lokacin da na taɓa shi ko akwatinsa sai na wanke hannu da sabulu, saboda ƙwayar cutar salmonela da ke cikin kashinsu, mai sa zawo da zazzaɓi, musamman ga ƙananan yara.

Mako na shida

Ya fara saɓa. Wata safiya na ga yatsa ɗaya ya yi jawur ya kumbura, na duba da kyau sai ga tsohuwar fata ta zagaye shi kamar zobe, ta bushe saboda iskar hunturu ta shaƙe shi. Na jiƙa auduga da ruwan ɗumi na riƙe a kan yatsan kusan minti goma, ina kare bandejin da leda, har fatar ta yi laushi na murje ta. Da na yi sakaci kwana biyu da yatsan ya mutu. A makon muka koma Katsina aka sake bandeji. Na roƙi likita ya kwance ɗorin gaba ɗaya tunda yana ci yana motsi, ya ce a'a. Ƙashin waɗannan dabbobi ya fi na akuya ko kare jinkirin haɗewa, balle wanda dama ya yi laushi. Na ji ba daɗi a lokacin, amma gaskiyarsa ce, kuma na lura son in gan shi yana tafiya ne ya sa ni gaggawa, ba buƙatarsa ba.

Mako na tara da na goma

An kwance ɗori ranar Litinin ta mako na tara. A tsakiyar cinyar akwai ƙullutu mai tauri kamar ƙwallon dabino, likita ya ce sabon ƙashi ne ya taru a wurin, alamar haɗewa ce. Ƙafar ta rame, gwiwar ta sandare, kwana biyu yana janta kamar da. Ranar Alhamis na zuba ruwan ɗumi a baho, iya cikinsa, na sa shi ina tallafe da ƙirjinsa, sai na ji ƙafar ta tokari tafin hannuna. Yanzu kullum da hantsi muna yin haka na minti goma. Yana taka ta, amma ta ɗan karkace waje, kuma an faɗa min wataƙila haka za ta zauna. Muƙamuƙin ya fi da ƙarfi, bai dai gama ba. Ƙashi yakan ɗauki watanni da dama kafin ya koma daidai, don haka ba hawa ba tono tukuna.

Na fara yi masa gini a kusurwar tsakar gida inda rana ke fara sauka: bulo jeri huɗu, daɓen siminti a ƙasa don kada ya haƙa ya fice, ragar waya a sama, rabi da rufin zana. Ƙasar tono sai likita ya sake ɗaukar hoto ya ba da izini zan zuba, wataƙila dab da bazara. Wanda damonsa ke ɗaki a cikinku, yau ya kama muƙamuƙinsa na ƙasa ya ɗan matsa a hankali, ya kuma lura ko yatsunsa na karkarwa, ko yana jan ciki a ƙasa maimakon ya ɗaga jiki in yana tafiya. In ya ga ɗaya daga ciki, ya fito da shi hantsi gobe, ya nemi likita a makon nan.