Ranar da na zama Bature a Alkahira

Watana bakwai ke nan a Alkahira, amma in na tuna abin da ya same ni a layin Khayamiyya sai kunya ta rufe ni kamar yanzu aka yi.

Karatu ya kawo ni, sai dai watannin farko ba abin da nake yi sai jiran takardu da koyon Larabcin kan titi. Wanda na taho da shi daga Kano na littafi ne. Ranar da na tambayi wani mai sayar da ful, dafaffen waken da suke ci, hanyar masallaci, ya bari na gama jero maganata da nahawunta cif, sannan ya ce "sadaƙallahul azim", yaransa suka bushe da dariya. Tun daga nan na rage baki. A ɗakinmu na Hayyul Ashir mu huɗu ne, biyu 'yan Damagaram, ɗaya ɗan Kumasi, kowa ya duƙufa a kan wayarsa. Da kaɗaici ya ishe ni sai na je kasuwar Ataba na sayi tsohuwar kyamara da kuɗin da na ware don rigar sanyi. Na kuwa sha sanyin Janairu har ƙashi.

Duk Juma'a in an sauko daga Azhar sai in bi titin Mu'izz a ƙafa, daga Babul Futuh har Bab Zuwaila, tsoffin ƙofofin birnin. Ginin Sarki Ƙalawun na 1285 kaɗai ya ci mini Juma'a uku, asibiti da makaranta da kabari duk a jikin bango ɗaya. Sannu a hankali na gane cewa rana tsaka ba ta hoto ba ce, sai la'asar sakaliya dutsen yake komawa ruwan zuma, tagogin katakon nan da suke kira mashrabiyya su zubo inuwarsu a ƙasa kamar aikin allura a wuyan babbar riga. Kasuwar Khan Khalili ta fi ba ni wuya, ga matsi, ga fitilun tagulla suna kashe ido, kana ɗaga kyamara wani ya bangaje ka. Na hau hasumiyar da ke kan Bab Zuwaila na ɗauko rufin garin duka. Ina sawa a Facebook, abokai suna ta yabo, har wani ya ce in bar karatun in kama sana'ar. Kaina ya fara girma, ba zan ɓoye ba.

Kana fita daga Bab Zuwaila, tsallaken titi, nan Khayamiyya take. Layi ne mai rufi tun ƙarni na 17, masu ɗinkin tanti suna zaune a 'yan rumfuna sun tanƙwashe ƙafa, suna yanka ƙyalle kala-kala suna ɗinka shi a kan wani da hannu. Can na hango wani tsoho, gilashinsa ɗaure da zare, haske ya faɗo ta wata kafa a rufin ya sauka daidai kan yatsunsa. Ban yi tunanin komai ba. Na durƙusa na danna sau uku.

Bai ko ɗago kai ba ya yafito ni da hannu. Da na matso ya tambaye ni daga ina, na ce Najeriya. Ya ce Musulmi ne kai, na ce eh. Sai ya ajiye allurar, ya yi mini magana da Larabcin littafi a hankali, dalla-dalla, don kada ko kalma ɗaya ta wuce ni. Ya ce: "Ɗana, a garinku ba a sallama? Ƙofar ga ta can, ta haura shekara ɗari tara, ɗauke ta yadda kake so. Ni ba ƙofa ba ne."

Maƙwabtansa suka yi dariya, amma ba dariyar ce ta kashe mini jiki ba. Maganar ce na sani.

Babana baduku ne a kasuwar Kurmi. A rumfarsa na tashi, cikin ƙanshin jan fata, ina miƙa masa basilla da zare yana ɗinka kube da jaka da layun doki. Turawa sukan shigo da ɗan rakiyarsu, su tsaya a kansa su yi ta dannawa. Baba ba mai faɗa ba ne, juyar da fuska kawai yake yi wajen bango har su wuce, sannan ya ce a hankali, "Ko sallama babu." Ni ne mai zagin, ina yaro, in ce sun mai da mu namun gidan zu. To ga ni yau, baƙar fata, ɗan baduku, a durƙushe a gaban baban wani.

Tsohon ya ce in goge. Na goge biyu a gabansa. Na ukun na bar shi, kuma duk hotunan da na ɗauka a garin nan ba wanda ya kama ƙafarsa. Ban nuna wa kowa ba, ban kuma iya gogewa ba.

Shekara huɗu ke nan da rasuwar Baba, Allah ya jiƙansa. Hotonsa ɗaya ne a gidanmu, na katin shaida, ya ɗaure fuska kamar ba shi ba. Na yadda yake a gaske, a zaune da fata a cinya, suna can a akwatin wasu mutane a Jamus ko Amurka da ba su san sunansa ba. A daren nan na kwana ina bincika hotunan Kurmi a intanet, ina duba hannuwan mutane. Har yanzu haushin Turawan nan nake ji, kuma da zan samu ɗaya daga cikinsu da na roƙe shi.

In Misirawa suka fara yi mini taƙama da Khan Khalili nakan ce musu su sassauta, da kimanin shekara ɗari kacal ta girmi Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa a ƙarni na 15. Sukan yi shiru, in ji daɗi. Abin da ba na faɗa musu shi ne yadda gine-gine suka cinye badala, da yadda aka rushe Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa titi. Nasu dutse ne, ko an yi watsi da shi yana nan. Namu ƙasa ne, in aka daina yaɓe sai damina ta kwashe.

Da na ba Inna labari a waya dariya ta yi har da tari. Ta ce, "Allah ya ƙara. Ai ya yi maka mutunci da ya kira ka. Da Malam ne bango zai juya maka." Sai ta sako nata ƙorafin, wai kullum bango da ƙofa nake turo musu, ni ina nake, ko ramewa na yi nake ɓoyewa.

Na roƙi ƙanwata ta je Kurmi ta ɗauko mini rumfar Baba. Na ja mata kunne ta yi sallama tukuna. Ta dawo ta ce, "Yaya, takalman roba ake sayarwa a wajen yanzu, mai rumfar ma bai san wa nake nufi ba." Ta turo hoton duk da haka, a karkace, rabinsa yatsanta ne.

Sau uku na koma Khayamiyya kyamarar tana cikin jaka. Ina yi wa tsohon sallama, yana amsawa ba tare da ya ɗago ba. Maganar hoto na ukun ban taɓa yi masa ba.

Juma'ar da ta wuce na ba wani yaro kyamarar ya ɗauke ni a gindin Bab Zuwaila saboda Inna. Ya yanke hasumiyoyin duka biyu, sai ni da wani mai keken biredi a bayana. Inna ta gani ta ce ta faɗa, na rame, kuma ta samu wanda zai taho bayan Sallah, za ta ba shi yaji da kuka da daddawa ya kawo mini.