Kibiyoyin Barr da Waɗanda Aka Bari a Waje

Duk wanda ya tsunduma karatun tarihin fasahar zane ta zamani, ko ba jima ko ba daɗe sai ya ci karo da wata taswira da Alfred Barr ya zana a 1936. Barr shi ne shugaban farko na MoMA, gidan adana zane-zanen zamani da ke New York, kuma ya yi taswirar ne don bangon kundin wani baje koli. Shekaru ne a jere a gefe, daga 1890 zuwa 1935, sai sunayen mazhabobin zane a tsakiya, kibiyoyi na saukowa daga wannan zuwa wancan, har su tuƙe a ƙasa kan zanen da ba ya kwaikwayon siffar komai. Ina son taswirar nan, domin ita ta fara nuna mini cewa masu zane amsa wa juna suke yi. Amma kullum na ƙara karatu sai ƙorafina a kanta ya ƙaru.

Bari in fara da alherin da irin wannan karatu ya yi mini. Akwai zanen da Kazimir Malevich, mai zane na ƙasar Rasha, ya yi a 1915, baƙin murabba'i a kan farin fili, faɗinsa bai kai mita ɗaya ba. Mutane da yawa in sun gan shi cewa suke yi, "Ai ko yaro zai iya wannan." Ba na ganin laifinsu. Sai dai a nemi hoton ɗakin da aka fara nuna shi a birnin Petrograd na Rasha, a watan Disamba na wannan shekara. Can sama aka rataye shi, a kusurwar da bango biyu suka haɗu, daidai wurin da Kiristocin Rasha ke ajiye hotunan ibada a gidajensu. Duk ɗan Rasha da ya shiga ɗakin ya san abin da ake nufi: ana faɗa masa tsohon zane ya zo ƙarshe, ga mafarin sabo. Ana tsaka da Yaƙin Duniya na Ɗaya a lokacin, saura shekara biyu juyin juya hali. In kuma ka buɗe babban hoton zanen ka matsa kusa, za ka ga gefunansa ba su miƙe sak ba, baƙin fentin ya tsattsage, wasu launuka na leƙowa ta cikin tsagar. Binciken da gidan adana zane-zane na Tretyakov da ke Mosko ya yi a 2015 ya nuna akwai zane biyu a ƙarƙashinsa. Wato mutumin ya iya zane sarai, da hannunsa ya binne shi. Tun da na san haka na daina wuce wannan aiki da sauri.

Dalilin da ya sa masu zane suka fara juya wa kamanni baya ba ɓoyayye ba ne. An bayyana fasahar ɗaukar hoto a Faransa a 1839, sannan a 1841 aka ƙirƙiro bututun fenti da mutum zai iya zubawa a jaka ya fita fili. Tun da na'ura za ta kama fuska daidai wa daida, me ya rage wa mai buroshi? Rabin ra'o'in da muke karantawa ƙoƙarin amsa wannan tambaya ne. Clement Greenberg, wani mai sharhi ɗan Amurka, ya ce kowane reshen fasaha ya riƙe abin da shi kaɗai ke da shi, na zane kuwa shi ne shimfiɗaɗɗen fili da launi. Magana ce mai kaifi, tana kuma buɗe ido a gaban aikin Jackson Pollock, mai zanen Amurka da ke yayyafa fenti a kan shimfiɗaɗɗen yadi. Amma ba ta da abin cewa game da kusurwar da Malevich ya zaɓa.

To ga ƙorafina. A taswirar Barr akwai wasu 'yan akwatuna da aka zana da jan layi, a ciki har da sassaƙen Afirka da zanen ɗab'i na Japan. Kibiya na fita daga cikinsu, babu mai shiga. An ɗauke su kayan aiki ne da Turawa suka tsinta, kamar ba su da nasu tarihin. Kowane ɗalibi ya san Picasso ya ziyarci gidan tarihi na Trocadéro a Paris a 1907, ya ga fuskokin katako da aka kwaso daga ƙasashen da aka yi wa mulkin mallaka. Waɗanda suka sassaƙa su fa? Ko sunayensu ba a rubuta ba. Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai.

Ba 'yan Afirka kaɗai aka bari a waje ba. Hilma af Klint, 'yar ƙasar Suwidin, ta fara zanen da ba ya kwaikwayon siffa tun 1906, shekaru kafin Kandinsky, ɗan Rashan da aka saba cewa shi ya fara irin wannan zane. Ta rasu a 1944, ta bar wasiyya kada a nuna waɗannan ayyuka sai bayan shekara ashirin. Barr bai san da ita ba, wannan gaskiya ne, amma ko bayan an san ta an daɗe ana jan ƙafa. Da gidan adana zane-zane na Guggenheim da ke New York ya baje ayyukanta a 2018, mutane fiye da 600,000 suka je kallo. Haka Ibrahim El-Salahi na Sudan: ya yi karatu a makarantar Slade ta Landan a shekarun 1950, ya koma Khartoum ya narkar da haruffan Larabci suka zama fuskoki da gaɓoɓi, amma sai a 2013 gidan adana zane-zane na Tate Modern da ke Landan ya yi masa babban baje koli. Irin waɗannan mutane ba su shiga layi ɗaya miƙaƙƙe, shi ya sa yanzu in na buɗe kowane littafin tarihi nake fara duba wa ya rubuta, a wane gari, da wace shekara.

Sashen da ya fi kama zuciyata kuwa shi ne ƙirar kayan amfani, domin a nan ra'i yake sauka a hannun mutane. Walter Gropius ya kafa Bauhaus, makarantar zane da ƙira, a birnin Weimar na Jamus a 1919, ta koma Dessau a 1925, 'yan Nazi suka matsa mata har ta rufe a Balin a 1933. Shekara goma sha huɗu kacal, amma kujerar bututun ƙarfe da Marcel Breuer ya ƙera a can, bayan ya lura da kan kekensa, har gobe ana kwaikwayonta. Makarantar ta yi iƙirarin mace da namiji duk ɗaya ne, sai ga shi yawancin mata ana tura su sashen saƙa. A can Anni Albers ta saƙa wani yadin bango na babban ɗakin taro, fuskarsa na mayar da haske, bayansa na shanye amo. Aikin injiniya ne da zare.

A 1926 kuma Margarete Schütte-Lihotzky, 'yar Ostiriya, ta tsara ɗakin girki na gidajen ma'aikata a Frankfurt. Faɗinsa mita 1.9, tsawonsa mita 3.4. Ta auna takun da mai girki ke yi tsakanin murhu da wurin wanke-wanke, ta sa 'yan aljihunan alminiyam masu mariƙi, kowanne da sunan abin da ake zubawa a ciki, da katakon guga mai naɗewa a bango. An gina wajen 10,000. Na jinjina mata, domin ta ɗauki wahalar talaka da muhimmanci a lokacin da masu zanen gine-gine suka fi damuwa da fuskar gini. Duk da haka ɗakin na mutum ɗaya ne, ba wurin da wani zai zauna ya taya hira, kuma daga baya masu fafutukar 'yancin mata sun soke shi da cewa ya keɓe mace ita kaɗai da aiki. Ina ganin su ma da gaskiyarsu. Wannan ce muhawarar da nake rubutu a kanta yanzu, na kuma fara da sake zana shimfiɗar ɗakin a takarda bisa ma'auninsa, don in ga ko akwai inda kujera ta biyu za ta shiga.